Tsaga Biyu a Kowane Kunci

Constance ce ta jawo ni cikin maganar, Allah ya sani ba ni na nema ba. Ita ce ke kula da ɗakin karatu na unguwarmu a Hyattsville, baƙar Ba'amurkiya mai furfura da tabarau a rataye a wuya, wadda in ta ƙudurta abu ba ta barinka sai ka ce to. Shekara tamanin ke nan da Jamus ta miƙa wuya a yaƙin duniya na biyu, sai ta ce za ta yi baje kolin hotuna da takardu na iyalan unguwa da kakanninsu suka je yaƙin. Ta san kafin in zama nas a gidan kula da tsofaffi na yi shekara tara ina koyar da tarihi a Maraɗi. Don haka ta ɗora mini fassara bayanan bango zuwa Faransanci da Hausa, saboda mutanenmu da ke shigowa.

Na ji daɗin aikin, ban ɓoye ba. In na taso daga aikin safe sai in biya, in zauna a teburin kusa da taga, taswirar Turai a gabana duk an zana mata kibau. Kibiya ta farko ta nufi gaɓar kogin Rayin, inda aka hana Jamus kai soja, Hitila ya kai, kowa ya kawar da kai. Ta biyu ta haɗiye Ostiriya. Daga nan ya ce a yanka masa gefen ƙasar Cekoslobakiya, ya rantse wannan ne na ƙarshe, manyan Turai suka taru suka yanka masa don a zauna lafiya. Wata shida bai cika ba ya haɗa da sauran. Sai Polan, sai Faransa, sai ya hangi Rasha ya ce ita ma gonarsa ce. Kibau suka yi ta fita kamar ƙafafun gizo-gizo, sannan a allo na ƙarshe duk suka juyo suka nufi Balin, bayan an kashe mutanen da ba su ƙirguwa, ciki har da Yahudawa miliyan shida. Na koyar da wannan darasi sau ba adadi, amma ban taɓa koyar da shi ba tare da raina ya ɓaci ba.

Ranar wata Talata Constance ta zo da ɗan akwati a hannu tana murmushi.

"Ɗija, ga abin da ya fi komai," ta ce da Turanci. "Wani dattijo ɗan ƙasarku ya ba mu aron littafin sojan mahaifinsa da lambar yabonsa. Mahaifin ya yi yaƙi da Jamusawa a Faransa, an kama shi, ya yi shekara huɗu a tsare. Dattijon shi zai buɗe mana taron. Ina son ki fassara littafin, ki karanta wa mutane ranar."

Na buɗe. Ɗan littafi ne da ya yi launin ƙasa, gefensa ya cinye. A bango an rubuta suna da tawada: Labo Magaji. Na sake karanta sunan.

Na san Labo Magaji. Ɗan mai garinmu ne, wani ƙauye yamma da Tibiri. Ya rasu ina 'yar firamare, kuma iyakar tafiyar da ya yi a duniya Makka ce, ita ma a jirgin sama. Wanda ya je yaƙin Hitila daga garinmu kakana ne, mahaifin uwata, Tankari Maƙeri.

Labarin ba ɓoyayye ba ne a gida, sai dai ba a faɗinsa a waje. Da kumandan Faransawa ya aiko kowane gari ya ba da samari, sunan Labo ne ya fito a takarda. Magaji, uban Labo, ya kira uban kakana, baƙon maƙeri Ba'are da ya taso daga wajen Dogonduci ya zauna a garin, ya tuna masa wanda ya ba shi wurin kafa maƙera. Washegari Tankari ya bi ayari, aka koya masa in an kira Labo ya amsa. Bature bai damu da fuska ba, shi dai lissafinsa ya cika. Da Tankari ya dawo bayan shekara shida ya je gaisuwa ƙofar Magaji, aka karɓi littafin da lambar, aka ce ai sunan ɗan gida ke jiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ni ce jikarsa ta fari, amaryarsa yake ce mini, ni kuma in ce ba na son miji mai warin gawayi. In na dawo daga makaranta nakan zauna in ja masa zugazugi, shi kuwa ya yi ta ba ni labari. Ya ce ya ga ranar da Jamusawa suka shigo suna waƙa, takalmansu na sheƙi. Ya ga sun ware baƙaƙen sojoji gefe sun harbe wasu a bakin hanya, ciki har da wani ɗan Tawa da suke cin abinci kwano ɗaya. Ya ce bayan shekara huɗu ya ga mutanen nan dai suna gudu, wani a keken da ya ƙwace, wani a amalanken doki. Ɗaya ya yar da hular kwanonsa a cikin lambatu, kakana ya ɗauka. Hular nan ta zo har garinmu. A cikinta yake zuba ruwan da yake tsoma jan ƙarfe, in ya tashi aiki kaji su zo su sha.

"Amarya," yakan ce, "an ce wanda ya ce zai haɗiye gatari a sakar masa ƙota. To sun sakar masa, ya haɗiye, ya shaƙe. Amma kafin ya shaƙe mutum nawa ya sare? Ni maƙeri ne. Ba a sakin ƙota."

Na riƙa buɗe littafin a hankali har na kai shafi na huɗu, inda Faransawa ke rubuta kamannin soja don in ya gudu a gane shi. Tsawo kaza. Sana'a, babu. Sai alamomi na musamman: tsaga biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne, da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu.

Dariya ta kubce mini a cikin ɗakin karatu, har wani mai karanta jarida ya ɗago. Bagobiri ba ya da tsaga biyu. Gidan Magaji Gobirawa ne kaka da kakanni, tsagarsu shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, ko makaho ya shafa ya san su. Tsaga biyu mai tsawo ta Arawa ce. Tabon kuwa na sha taɓa shi da yatsana, tartsatsin ƙarfe ne ya faɗa masa yana yaro. An ba Bature suna ya rubuta, amma fuskar da ke tsaye gabansa ita ya kwatanta. Shekara tamanin da biyar kakana na kwance a shafi na huɗu, ba wanda ya tashe shi.

Dattijon da ya kawo littafin ba sai an faɗa mini ba. Alhaji Idrissa Labo ne, injiniya mai ritaya, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar na wannan yanki. A nan gizo ke saƙar. Ranar da na sauka a ƙasar nan da akwati ɗaya, shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni. Wata huɗu na yi a ɗakin ƙasa na gidansa a Bowie, matarsa Hajiya Humaira ta koya mini hawan jirgin ƙasa da sayen rigar sanyi. Baba nake ce masa, kuma har zuciyata nake faɗa.

Ran Asabar da hantsi na tuƙa mota zuwa gidansa. Na same shi a bayan gida yana ban ruwan yakuwa da kuɓewar da yake nomawa duk bazara, maƙwabta na ɗauka furanni ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi Inna, ya tambayi gajiya. Sai da muka zauna aka kawo shayi na ce masa ni aka ba fassarar littafin.

"Madalla," ya ce. "Gara ke ɗiyata, ta gida."

"Baba, na karanta shafi na huɗu."

Ya ajiye kofin. Tsagar Gobir na nan a fuskarsa, tsufa ya sa ta lafa amma ba ta ɓace ba. Ya juya ya kalli kuɓewarsa. Daga yadda ya kawar da kai na gane ya san abin da ke shafin, ya kuma san na sani.

"Bon," ya ce da Faransanci. "Mi kike so a yi?"

"A sa sunan wanda ya tahi."

"Ɗija, ke malama ce, ki yi tunani. Mutanen ga ba su san ma akwai ƙasar da ake kira Nijar ba. Yau an ba mu bango guda a ce ga ɗan Nijar da ya yaƙi Hitila. Ke kuma kina so mu tsaya gaban Turawa mu tone ma kanmu asiri? Labo ko Tankari, duka 'yan gari guda ne. Sunan ƙasa za a ɗaga."

"To in duka ɗaya ne, Baba, a sa Tankari."

Bai yi dariya ba. Ya ce shekara talatin yana ba 'ya'yansa wannan labari, jikokinsa sun rubuta shi a makaranta, hoton mahaifinsa na can an riga an buga shi babba. Ya ce ba ya neman in yi ƙarya. Shafi ɗaya kawai zan tsallake, wanda ba wanda zai tambaya.

"Wannan kaɗai na roƙe ki," ya ce. "Ban taɓa roƙonki komi ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Na fito daga gidan da ledar yakuwa da Hajiya ta cusa mini, kunya da fushi na kokawa a cikina. A wurin ajiye motoci na wani kanti na tsaya na kira Inna a Maraɗi. Na ɗauka in ta ji an ga tsagar ubanta a takarda za ta yi guɗa.

"Ke dai ba ki son zaman lahiya," ta ce. "Ki bar masu. Mi suna zai ƙara ma wanda ke cikin ƙasa?"

"Inna, ubanki ne hwa."

"Na san ubana ne. Shi bai yi magana ba, sai ke? Da suka amshi gonar fadama mun ce a bar masu. Da suka matsa danga suka ci rabin hilin maƙera mun ce a bar masu. Ga mu nan ba mu mutu ba. Mutumen ga ya riƙe ki a ƙasar da ba ki da kowa. Haƙuri, Ɗija."

Ina son uwata, amma a wannan rana da a kusa take da na yi mata rashin kunya. Ta jero mini gona da fili da littafi kamar tana jero alheran da muka yi, ni kuwa abin da nake gani taswirar Constance ce da kibanta. Ba na cewa gidan Magaji Hitila ne, Allah ya kiyaye, ba su kashe kowa ba. Amma na san wannan lissafi na a ba shi wannan ya yi shiru, na koyar da shi, na kuma san ba a taɓa ƙoshi da shi ba. An ci gonar, an ci filin, an ci shekara shida na ran mutum, yanzu ana so a ci fuskarsa, kuma da bakina.

Na kira ƙanena Hafiz na ce ya je ɗakin Inna ya ɗauko hoton Kaka da ke cikin kwalla, ya ɗauka da waya ya turo mini. Hoto ɗaya ke gare shi a duniya, wani mai yawo da kyamara ya ɗauke shi a maƙera. Yana zaune gaban uwar maƙera da masaba a hannu, tsagarsa ta fito raɗau, hular kwanon na gefen ƙafarsa cike da ruwa. Na kai aka wanke mini shi a takarda mai kauri.

Ban yi wa Alhaji kwanton ɓauna ba, wannan ina so a sani. Ran Alhamis na kira shi na ce, "Baba, zan karanta littahin duka. Na hwaɗa maka tun yanzu don ka san abin da za ka yi." Ya ce, "Ba za ki yi ba, na san tarbiyyarki," ya kashe waya. Constance ma na gaya mata akwai magana a shafi na huɗu. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ita ba alƙali ba ce, abin da ke rubuce shi za a karanta, ba ƙari ba ragi.

Ranar taron Lahadi ce da azahar. Mutanenmu sun zo kamar ana suna, manyan riguna da lafaya sun cika ɗakin, 'yan Najeriya ma sun zo daga Springfield taya mu murna. A bangon tsakiya ga hoton Labo Magaji da rawani, kusa da taswirar. A ƙasansa ga akwatin gilashi a buɗe, littafin da lambar na ciki, da ɗan kati mai sunansa. Constance ta fara da labarin kakanta da ya tuƙa motar soja a Faransa ya dawo aka hana shi zama a gaban bas. Sai Alhaji ya tashi. Ya iya magana, ba a ƙwace masa wannan. Ya yi bayanin yadda mutum ɗaya ya ce duniya ta yi wa ƙabilarsa kaɗan, da yadda 'yan Afirka suka bar gero a gona suka je suka tare shi. Ya ce mahaifinsa na cikinsu. Aka tafa. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

Aka kira ni. Na karanta suna, na karanta shekarar ɗauka, na karanta runduna da ranar da aka kama shi da ranar da aka sake shi, da Turanci sannan da Hausa. Na juya shafi. Alhaji ya yi gyaran murya. Hajiya Humaira ta sunkuyar da kai.

"Alamomi na musamman," na karanta. "Tsaga biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne. Tabon ƙuna a wuyan hannun hagu."

Turawan da ke wurin ba su ji komai ba, suna jiran in ci gaba. Amma mutanenmu sun ji. Na ga kawuna na juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa hoton da ke bango, na ga wata tsohuwa 'yar Tawa tana ƙirga tsagar Labo da yatsa daga inda take zaune. Wani Bakano da ke gaba ya ce a hankali, "Ikon Allah, ai wannan Bagobiri ne." Ba wanda ya buƙaci in ƙara kalma.

Saboda sauran da ba su san tsaga ba na ƙara. Na ɗaga hoton kakana, na yi bayani da Turanci cewa a wurinmu tsagar fuska ita ce takardar shaidar mutum tun kafin a kawo takarda, wanzami ke yin ta ranar suna, ba a sake ta, ba a aronta. Na ce sojan da littafin nan ya kwatanta sunansa Tankari, maƙeri ne, an tura shi da sunan wani. Na nuna musu hular kwanon, na ce ga inda sojan da ya zo mallakar duniya ya ƙare, yana shayar da kajin kakana. Wani tsohon Bature ya yi dariya, sannan ya ga ba mai taya shi ya daina.

Alhaji ya miƙe. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma shirya. Bai yi ba. Ya tako a hankali har gabana ya miƙo hannu.

"Littahin," ya ce da Hausa. "Sunan ubana ke kai."

Na ba shi. Sunan ubansa ne kuwa ke kai, kuma shi ya kawo. Ya sa a aljihun babbar riga, ya juya ga akwatin gilashin zai ɗauki lambar. Ban san lokacin da hannuna ya riga nasa ba. Na dafe ta da tafina, ƙarfen da sanyi.

"Wannan ba suna a kanta, Baba."

"Ɗija, ɗauke hannunki."

"Ba ni ɗaukewa."

Muka tsaya haka, ni da mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, mutane sama da sittin na kallo. Idona ya cika da hawaye, na tsani hakan, amma ban motsa ba. Na ce masa ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji, "Ka riƙe ni kamar ɗiyarka, ba ni mantawa har in mutu. Ka tambaye ni komi nawa in ba ka. Wannan ba nawa ba ne balle in bar maka."

Ya dube ni, ya dubi hoton da ke ɗaya hannuna. Ya san fuskar, ai a gaban maƙerar nan ya yi wasan ƙasa.

"Shi ya ƙera mani wuƙata ta hwarko," ya ce, kamar ba da ni yake ba. Ya janye hannunsa. Ya je bango da kansa ya sauke hoton mahaifinsa, ya rungume shi a ƙirji ya fita, Hajiya na biye. Kusan rabin mutanenmu suka tashi suka bi su, wasu na hararata, wata ta ce a kunnena, "Butulu." Na ji zafin kalmar, har yanzu ina ji.

Kafin la'asar an cire ni daga zauren ƙungiya na waya. Inna ta kira sau uku ban ɗauka ba, don na san abin da za ta ce, na kuma san labari ya riga ni isa Maraɗi.

Da ɗakin ya rage, Constance ta zo ta tsaya gaban akwatin. Ba littafi, ba hoto a bango, sai lamba ɗaya da katin da ke ɗauke da sunan Labo. Ta ce ta ɗauki hoton kowane shafi tun ranar da aka kawo, kamar yadda take yi wa duk abin aro, kuma za ta tambayi Alhaji ko ya yarda a kafa shafi na huɗu. In ya ƙi, ta ce, fassarata da hoton kakana sun isa a kafa su a matsayin shaidar iyali. Ta cire katin ta sa a aljihu, ta ɗauko sabo fari da alƙalami.

"Yaya ake rubuta sunan?" ta tambaya. "Yadda yake a takardunsa nake so."

Kakana ba shi da takardar haihuwa. Bai yi makaranta ba, bai taɓa yin katin zaɓe ba, kabarinsa tudun ƙasa ne da fasasshen tulu. Takarda ɗaya tak da aka taɓa yi dominsa a duniya ita ce ta fita yanzu a aljihun Alhaji da sunan wani. Na yi ta lalube a raina ko akwai inda na taɓa ganin sunansa a rubuce, ban samu ba.

"Ba a taɓa rubuta shi ba," na ce.

Constance ta miƙo mini alƙalamin.

Na jingina katin a kan gilashin. Tsohuwar nan 'yar Tawa ba ta tafi ba, ta matso tana leƙe ta kafaɗata, ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe don idonta ba ya gani sosai. Na rubuta Tankari Maƙeri, na sa shekarar da ya tafi da shekarar da ya dawo. Na ajiye katin tsakanin lambar da hoton, daidai ƙasan kibiyar da ta juyo ta nufi Balin.

Wayata ta sake ƙara a jaka, Inna ce karo na huɗu. Na ɗauki hoton katin na tura mata tukuna, sannan na amsa. Ba ta iya karatun boko ba, na ji tana kiran Hafiz ya zo ya duba mata. Na ji muryarsa yana karantawa.

"Sake karanta mani," ta ce masa.